Wai Selvino Ba Ellerkolk Ba Ne

Picada Funda, Teutônia
Lahadi, 24 ga Agusta, 2008

Zuwa ga yayana Elemar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka, kai da matarka Yaya Lurdes da yara duka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya kiyaye ku a wannan ƙasa ta Mato Grosso mai nisa da zafi, ya saukar muku da ruwa a kan kari idan lokacin shukar waken soya ya yi. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Sanyin bana ya yi tsanani. Sau huɗu muna tashi mu tarar da ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara, ayabar bayan gidanmu duk ta ƙone. Mama tana nan da ciwon gwiwarta, amma har yanzu ba ta yarda wani ya kwaɓa mata burodin Asabar, ko da yake sau biyu ke nan tana mance gishiri, mu kuma mu ci mu yi shiru. Mijina Nestor bayansa ya yi sauƙi, ya koma aiki. 'Yarmu Cíntia tana ta karatun jarrabawa, ba ta ko ɗaga kai. A tsohon gida kuma, can gonar Baba, jar saniyar nan ta haifi tagwaye, dukansu sun rayu.

Na sauke nauyin gaisuwa, kuma da zuciya ɗaya na yi ta. Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Raina a ɓace yake da kai, Yaya, ɓacin da ban taɓa ji ba tun da nake. Ban kira ka a waya ba don na san yadda za a yi: kai ka ɗaga murya, injin gona yana ruri a bayanka, ni kuma sai bayan na ajiye wayar in tuna abin da ya kamata in ce. Wannan ce takarda ta uku. Ta farko na yaga ta don zafinta ya yi yawa, ta biyu kuma don na ga ina ba ka haƙuri a kan laifin da kai ka yi. Maganar Selvino ce, ɗan'uwanmu, da ƙuri'ar da ka jefa aka fitar da sunansa daga cikin 'ya'yan Baba a littafin zuri'a.

Ka san shekara uku ke nan ina wannan aiki. Tun da aka ce za a yi taron dangin Ellerkolk ranar sha biyu ga Oktoba, don cikar shekara ɗari da arba'in da saukar kakanmu Heinrich a ƙasar nan daga Jamus, aka ɗora mini haɗa littafin. In na taso daga masana'antar takalma sai in zauna in yi ta cika katuna, kowane mutum da katinsa: sunansa, iyayensa, ranar haihuwa, ranar baftisma, inda aka binne shi in ya mutu. Na bi maƙabartu goma sha ɗaya da ƙafata, ina kankare gansakuka da cokali don in karanta duwatsu. Katuna ɗari shida da goma sha huɗu na tara a kwalayen takalma bakwai. Shi ya sa Baffa Helmuth yake kirana farfesar kwali, in na shigo taro ya ce a matsa wa farfesa ta ajiye digirorinta. Ban taɓa damuwa ba, don na ɗauka wasa ne irin na baffa da 'ya.

Na duba littafina da nake rubuta abin da ya faru kullum, don kada in yi maka ƙari ko ragi. Ranar Asabar, ashirin da shida ga Yuli, muka zauna a zauren coci, mu shida 'yan kwamiti, kai ne na bakwai mai wakiltar waɗanda suka yi arewa. Ana ta zagaya ƙoƙon mate, shayin ganyenmu, ana hira, sai Baffa ya buga tebur ya ce yana da shawara. Ya ce littafin zuri'a na jini ne, ba rajistar otal ba ce da duk wanda ya kwana a gida za a rubuta shi. Ya ce 'ya'yan riƙo a kai su shafin baya a ƙarƙashin abokan zuri'a, tare da fasto da mai ɗaukar hoto. Kuma ranar taro, da yake kowane reshe zai ɗaura ƙyalle mai launinsa a ƙirji, mu 'yan reshen kaka Wilhelm kore, su a ba su fari irin na baƙi. Na tambaye shi su wa yake nufi, don a katunana duka mutum biyar ne 'yan riƙo, huɗu sun daɗe a kabari. Ya ce shi bai ambaci sunan kowa ba, doka ce kawai, amma tunda na tambaya, duk mai ido in ya kalli Selvino ya san ba a Jamus aka toya wannan burodin ba. Mutum biyu suka yi dariya. Na rubuta sunayensu, amma ba zan sa su a nan ba.

Aka jefa ƙuri'a, uku da uku. Sai Baffa ya ce a kira Elemar ya raba gardama. Ni har na ji sanyi a raina. Wallahi, Yaya, har murmushi na yi, na ce a zuciyata yau Baffa zai sha kunya. Aka sa wayar a tsakiyar tebur kowa yana ji. Ka ce kana kan hanyar rumbun hatsi, ba ka da lokaci. Baffa ya yi maka bayani a gurguje, sai ka ce a yi yadda Baffa ya ce, shi ne babba, kai ba ka son rigima, ai Selvino ba mai damuwa da irin waɗannan abubuwa ba ne. Ka ce a gaida kowa, ka kashe. Na duba agogon zaure don idona ya saba: ba ka cika minti biyu ba.

Ban ga zuwan Selvino gidanmu ba, don ni a gidan na tarar da shi. Amma kai ka gani. Kana da shekara shida, shi yana da huɗu, lokacin da uwarsa mai taya su Mama cire ciyawa ta rasu, Baba ya ɗauko shi a keken shanu ya ce da Mama ga wani cokali a ƙara a tebur. Gado ɗaya kuka kwana har ka tafi aikin soja. Mama har gobe tana ba da labarin ranar da aka kira Baba makaranta don ka fasa wa wani yaro haƙori, wai ya ce baƙin yaron nan ba ƙaninka ba ne. Ta ce Baba ya yi maka faɗa a gaban malami, da kuka fito ya saya maka alewa. Baba da ƙafarsa ya je ofishin rajista ya ba shi sunanmu, takardar tana nan na gani da hatiminta. Da Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, wa ya ɗauke shi a baya zuwa makewayi shekara biyu da wata uku? Wa yake aske masa gemu ranar Lahadi? Kai ka zo jana'iza ka yi kwana uku, ban ga laifinka ba, hanya da nisa. Ni ina nan kusa amma sai ƙarshen mako nake leƙawa. Wa yake tashi tatsar shanu goma sha takwas a gonar da Heinrich ya sare dajinta? Wa yake wanke kaburburan su kaka kafin kowane biki? Kuma wa aka ɗora wa gasa naman mutum ɗari huɗu ranar taron? Tun watan Mayu yake tara itace yana feƙe tsinkunan gashi. Wato ya tsaya a bakin wuta tun asuba, hayaƙi yana cin idonsa, da farin ƙyallen baƙi a ƙirji, yana miƙa wa 'yan gida nama. Ka yi tunanin wannan kafin ka ce a gaida kowa?

Sai dai ba zan ɓoye maka nawa laifin ba, don shi ya fi hana ni sukuni. A katin Selvino, a ƙasa, ni na rubuta ɗan riƙo da fensir. Ba wanda ya sa ni. Halina ne na son kome ya zauna daidai, kamar yadda nake rubuta wanda ya mutu a jariri ko wanda ya yi aure sau biyu. A watan Yuni Baffa ya zo gidana ya yi ta jujjuya katunan reshenmu, na gan shi ya tsaya a kan wannan ya ce oho. Da ban rubuta ba, wataƙila da tunanin bai zo masa ba. Na goge rubutun, amma wurin ya yi shaida. Kullum sai na tambayi kaina ko gaskiya nake bi ko kuwa taurin kai ne kawai, har yau ban sami amsa ba.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Tun bara na rubuta wa cocin ƙauyen kakanninmu kusa da garin Lengerich a Jamus ina tambayar asalin sunanmu da ma'anarsa, har na fid da rai. Ranar Talata biyar ga wannan wata sai ga ambulan mai kauri. Wani dattijo ne mai suna Wilfried, tsohon malamin makaranta da ke kula da tsofaffin littattafan cocin, ya zauna ya kwafo mana kome da keken rubutu, shafi tara. Jamusancinmu na gida ba ya kai ni ga karatu, sai na kai wa Fasto Reinoldo, muka yi yamma biyu yana fassarawa ina rubutawa.

Ka tuna hoton da Baffa ya saya a wajen wani mai rumfa a bikin baje koli, garkuwa da zaki da kwalkwalin ƙarfe, wanda ya rataya a falonsa yake cewa tambarin gidanmu ne, mu jikokin mahaya dawakin sarki ne? Shi yake so a sa a bangon littafi. To malam Wilfried ya ce sunan kalma biyu ce a harshen mutanen wurin. Ta farko sunan wani itace ne da ke son bakin ruwa, ta biyu kuma kududdufi. Ellerkolk, kududdufin da itatuwa suka kewaye. Ba zaki, ba doki. Sunan wata gona ce mai dausayi, kuma ya aiko da hotonta, ga kududdufin nan har yau, agwagi suna wanka a ciki. Ya ce ya duba littafin lambobin waya na ƙasarsu duka, gida tara kacal ya samu masu wannan suna, bakwai a cikinsu ba su wuce tafiyar awa ɗaya daga gonar ba. Da ya ji mu nan mun haura ɗari shida, da rayayyu da matattu, ya rubuta cewa sai da ya cire tabarau ya sake karantawa.

Amma ba wannan ne babban abin ba. Ya ce a ƙasarsu a wancan zamani suna ba na mutum ba ne, na gona ne. Duk wanda ya shigo ya riƙe gona, ya noma ta, ya ciyar da mutanen cikinta, to sunanta zai amsa, ya ajiye wanda aka haife shi da shi. A shekarar 1831 mai gonar Ellerkolk ya mutu ya bar matarsa Anna da ƙaramin yaro. Gona ba ta zama ba mai noma, sai Anna ta auri baransu, wani Kaspar Voss, wanda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Daga ranar auren faston wurin ya daina rubuta Voss, ya koma rubuta Kaspar Ellerkolk. Bayan shekara biyar Anna ta mutu ba ta haifa masa ko ɗa ɗaya ba. Ya sake aure, ya auri wata mai aikin gidan da ake kira Liese, ita ta haifa masa Heinrich a 1840. Da yake a gonar aka haife shi, aka rubuta shi Ellerkolk. Da ɗan Anna ya girma ya karɓi gadonsa, su Kaspar suka koma wata bukka a gefen gona, shi ya sa Heinrich ya hau jirgin ruwa ya taho nan. Ka karanta wannan wurin sau biyu, Yaya. Heinrich namu, wanda za mu taru mu ɗari huɗu mu yi wa waƙa, ba shi da ko ɗigon jinin Ellerkolk. Ubansa bara, uwarsa baranya. Ni da kai da Baffa Helmuth da zakinsa, duk sunan riƙo muke amsawa. In kuwa dokar mutanen da suka ƙirƙiro sunan za a bi, a cikinmu duka mutum ɗaya ne ya cika sharaɗi, shi ne wanda ke riƙe da gonar.

Ranar Asabar tara ga wata na kai takardun taron kwamiti. Na tashi tsaye na karanta. Da na gama, ƙoƙon mate ya tsaya a hannun mutum ɗaya ba wanda ya karɓa. Sai Baffa ya ce wannan malamin tsoho ne da ya rasa aikin yi, kuma fastocin da can rabinsu a buge suke rubutu. Ya ce Jamusawan yanzu ba Jamusawa ba ne, na ainihi su ne suka taho nan. Ya ce shi shekararsa saba'in da tara yana Ellerkolk, ba wata mai ɗinkin takalmi da za ta mayar da shi Voss da tsakar rana, balle wadda ta riga ta liƙa sunan miji a bayan nata. Na ce da shi, Baffa, ba ni na rubuta ba, a littafin baftisma yake, kuma ni ban ga abin kunya ba a ce kakanmu bara ne da ya riƙe gonar maraya har ya girma. Ya ce to shi ya gani, kuma wannan labari ma ba zai shiga littafi ba, kada 'yan Italiyan ƙetaren rafi su sami abin yi mana dariya har jikoki. Fasto ya so ya sa baki, Baffa ya ce masa ya bari sai Lahadi, yau ba ranarsa ba ce. Na nemi a sake ƙuri'a, aka ce an riga an yi, huɗu da uku, Elemar ya yanke. Da sunanka aka rufe mini baki, Yaya.

Na so in ɓoye wa Selvino har in san abin yi, amma ka san garinmu. Matar Baffa ta faɗa wa Noeli matar Selvino a bakin coci, wai don kada abin ya zo musu ba zato, har tana cewa farin ƙyallen ma mai kyau ne, ya fi koren fita. Noeli ta ce mini ta kai masa labarin. Tambaya ɗaya ya yi, wai Elemar fa, me ya ce? Ta gaya masa. Ta ce ya ɗauki bokiti ya tafi garke, ya yi tatsar yamma kamar kullum, ya wanke kayan tatsa, ya ci abinci.

Ranar Alhamis sha huɗu ga wata, na taso daga aiki na tarar da shi zaune a dakalin gidana da wani abu naɗe a buhun dusa. Allon ƙofar gona ne mai sunan Ellerkolk, Yaya, wanda Baba ya sassaƙa da hannunsa ya ƙona harufan da ƙarfe mai zafi, wanda mai motar madara yake dubawa ya tsaya. Ya cire shi a hankali, ko tsaga babu, har ƙusoshin huɗu ya miƙe su ya ƙulle a leda. Ya ce mini, ƙanwata, ajiye wannan a wurinki, ke ce mai ajiyar kayan tarihi, kada masu shi su zo a Oktoba su tarar da shi a ƙofar baƙo. Na ce Yaya Selvino kada ka yi mini haka. Ya yi 'yar dariya ya ce shanu ba su iya karatu ba, mai madara kuma ya san hanya. Na ce ya shigo ya sha mate, ya ce a'a, maruƙan tagwaye suna jiransa. Ban taɓa ganin ya ƙi mate ba sai ran nan. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya da takalman robarsa.

Mama, da ke zaune tare da su, ta ga ƙofar ba allo, ta tsare Noeli sai da ta faɗa mata. Da na je ranar Lahadi ta sa ni na karanta mata takardun Jamus tun daga farko, tana zaune kusa da murhu da bargo a gwiwa. Da na kai wurin Kaspar ta yi dariya har da hawaye, ta ce dama ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta ga alamar sarauta a tafin ƙafar kowa ba. Sannan ta daina dariya. Ta ce in gaya wa Helmuth, tunda jini ake aunawa, ita ma da wani suna aka haife ta, a yanko mata farin ƙyalle, za ta sa a kai mata kujera bakin wuta ta zauna kusa da ɗanta. Ta tambaye ni ko da gaske ne kai ka ce haka. Na ce mata layin waya ba shi da kyau ran nan, wataƙila ba ka ji sosai ba. Na yi wa uwata ƙarya saboda kai, kuma ta san ƙarya ce, don ba ta sake tambaya ba.

To ga abin da na yi, ka ji daga bakina kafin ka ji daga wani. Shekaranjiya Juma'a na nemi izini a wurin aiki, na hau bas na kai littafin maɗaba'a. A shafin farko akwai kududdufin da agwaginsa da labarin Kaspar Voss, ba zaki. A shafi na tamanin da bakwai, a ƙarƙashin sunan Baba, an rubuta 'ya'yansa uku: Elemar, Selvino, Marlise. Ba alama, ba ƙarin bayani. 'Ya'yan Selvino suna ƙarƙashinsa, sauran huɗun da suka mutu kowa yana wurin iyayen da suka raine shi. Na sa hannu, sun ce ranar Litinin za su fara bugawa. Na san na taka ƙuri'ar kwamiti. Na san Baffa zai ce na ci amana, kuma ta wata fuskar yana da gaskiya, don amana aka ba ni na yi yadda na ga dama. A bas ina dawowa sai da na yi niyyar sauka in koma in karɓo har sau biyu. Nestor ya ce na tsokano abin da zai bi mu har kabari, a coci ɗaya muke da mutanen nan. Wataƙila a kore ni daga kwamiti, wataƙila rabin dangi su daina gaishe ni. Ban san ko na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne hannuna ya ƙi rubuta ɗan'uwana a layi ɗaya da mai ɗaukar hoto.

Jiya na tafi tsohon gida da allon da guduma, ina murna kamar yarinya, na gaya wa Selvino sunansa ya shiga, mu je mu mayar da allo. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya gode, Allah ya yi mini albarka, amma in koma da shi tukuna. Ya ce shi littafi bai dame shi ba, ba zai ma iya zama ya karanta shafi tamanin ba. Maganar Baffa ma ba ta dame shi ba, tun yana yaro Baffa yake kiransa yaron gidan su Elemar, ya saba. Ya ce muryar da ta cire allon nan ita ce za ta mayar da shi. Daga nan ya sauya magana, ya shiga nuna mini maruƙa. Ga allon nan jingine a bayan ƙofar kicin ɗina, kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Don haka ba ƙuri'arka nake nema ba, lokacinta ya wuce. Kada ka kira ni ka ba ni haƙuri, ba ni ka yi wa ba. Kada ka aiko da saƙo ta bakin Yaya Lurdes, kada kuma ka aiko da kyauta. Shi za ka kira. Yana shigowa gida da sha biyu ya ci abinci, yana fita da ɗaya da rabi. Ka kashe injin, ka zauna, ka ba shi fiye da minti biyu. Ban san abin da za ka ce masa ba, kai ka kwana gado ɗaya da shi ba ni ba. In kuwa har yanzu kana ganin Baffa ne mai gaskiya, to ka yi ƙarfin halin gaya masa da bakinka, ya fi wannan a gaida kowa da ka yi.

Ka gaida mini Yaya Lurdes, ka ce mata irin furen da ta aiko ya tsiro duk da sanyi. Ka gaida ɗanka Rogério da matarsa da jaririyarsu, da 'yarka Tânia, Allah ya ba ta sa'a a karatunta. Mama tana gaishe ku, ta ce a kawo mata jaririyar ta gani tun idonta yana gani. Nestor da Cíntia suna gaisuwa. Noeli na tambaye ta ta ce ba ta da saƙo. Shi kuwa Selvino, da zan taho na ce masa zan rubuta maka, ko in sa gaisuwarsa ko in bari. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce in gaishe ka da kyau, kuma in tambaye ka ku nawa ne za ku zo a Oktoba, don ya san katifa nawa zai aro, ya kuma gyara tagar ɗakinku da ke shigar da iska, kada jaririyar ta yi mura.

Allah ya kiyaye ka, ya ba ka ikon yin abin da ya kamata.

Ƙanwarka da ke fushi da kai, ba ta kuma daina sonka ba,
Marlise